WANG SHIJI, SARKIN MARUBUTAN ƘASAR SIN

A ƙasar Sin ana daraja kyawun rubutu kamar yadda ake daraja waƙa da zane. Cikin dukkan gwanayen rubutu da aka yi a can, babu wanda ya kai Wang Shiji suna, wanda su Sinawa kan rubuta sunansa Wang Xizhi.

An haife shi wajen shekara ta 303 Miladiyya, a gidan sarauta, a lardin da yanzu ake kira Shandon. Tun yana yaro yaƙi ya ci arewacin ƙasar, sai danginsa suka yi ƙaura zuwa kudu. Wata mace gwana mai suna Wei Shuwo ita ce ta fara koya masa rubutu.

Kafin mu gane gwanintarsa sai mun san kayan aikin. Sinawa ba su feƙe kara su yi alƙalami kamar almajiranmu. Gashin akuya ko na zomo suke ɗaurewa a bakin siririyar gora. Tawadarsu kuwa 'yar'uwar tamu ce, baƙin hayaƙi da danƙo, sai dai busar da ita suke yi kamar sanda, in za a yi rubutu a goga ta bisa dutse da ɗan ruwa. Ana riƙe alƙalamin a tsaye cak. In aka danna, layi ya yi kauri. In aka ɗaga, ya sirance. In hannu ya yi sauri, tawada ta bar farin zane a cikin layin. In ya yi nawa, takarda ta sha ta yi dabbare. Ba a komawa a gyara layi. Saboda haka mai kallo yakan bi sawun hannun ya ga inda marubuci ya tsaya, da inda ya yi shakka, da inda ya saki jiki.

Wang ya ƙware a tsayayyen rubutu da na gudu, amma inda ya fi fice shi ne na tsaka-tsaki, wanda layukansa ke kama hannun juna ba tare da sun ɓata karatu ba. An ce saboda yawan wanke alƙalaminsa har wani kududdufi ya koma baƙi. An kuma ce yana kiwon dinya, yana lura da yadda take lanƙwasa wuya don ya koyi juya wuyan hannu.

A shekara ta 353, yana hakimin Kwaiji, wato Shawshin ta yanzu, ya tara 'yan'uwa da abokai a wani wurin shaƙatawa mai suna Lantin. Suka zauna a bakin ƙorama suna shan giya suna tsara waƙa, har aka sami waƙoƙi 37. Nan take ya rubuta musu gabatarwa mai kalmomi 324 cikin layi 28, yana juyayin yadda daɗi ba ya daɗewa, rai kuma gajere ne. Akwai wata kalma da ta fito sau 20, kowace da irin siffarta. Har wuraren da ya soke ya sake suna nan. An ce daga baya ya yi ta ƙoƙarin sake rubuta ta da tsabta, amma ba ta taɓa kai ta farko kyau ba.

Ya ajiye aikin sarauta a 355, ya rasu wajen 361. Ɗansa Wang Shiyanji shi ma ya zama gwani. Bayan kusan shekara 300, Sarki Taizon na daular Tan ya tattara rubuce-rubucensa, ya sa gwanaye suka kwafi gabatarwar nan. An ce da ya mutu a 649 da ita aka binne shi. Yau babu ko takarda ɗaya da ta saura daga hannun Wang kansa, sai kwafi, kuma mafi shahara yana gidan tarihi na fadar Beijin.

Duk da haka hannunsa bai mutu ba, don har gobe masu koyo suna kwaikwayonsa layi bayan layi. To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya rubuta a zama guda, shekaru ya yi yana horar da hannunsa kafin ya iya. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.