Philo Farnsworth: Ɗan manomin da ya hango talabijin a kunyoyin gona

Manomin da ya wuni yana huɗa a Rogo Ruma, ya shiga gidan kallon ƙwallo da daddare, da wuya ya kawo a ransa cewa kunyoyinsa na da alaƙa da allon da yake kallo. Amma daga gona dabarar ta samo asali.

An haifi Philo Farnsworth ranar 19 ga Agustan 1906 a jihar Utah ta Amurka. A 1918 iyayensa suka koma wata gona kusa da garin Rigby a jihar Idaho, inda ya tarar da janareta da tarin mujallun kimiyya, ya duƙufa a kansu.

A wancan zamani masu neman ƙera talabijin sun dogara ne da faifai mai huji-huji da ke juyawa, hoton kuma dishi-dishi yake fita.

Kamar yadda iyalinsa suka ba da labari, yana ɗan shekara 14 yana aikin gona da dawakai, sai ya waiga ya ga layukan da ya bari a jere. Nan tunani ya zo masa cewa lantarki zai iya tsinto hoto layi bayan layi, da saurin da ido zai gan shi a dunƙule. Ya zana wa malaminsa Justin Tolman tsarin a makaranta.

Ranar 7 ga Satumban 1927, a birnin San Francisco, na'urarsa ta aika hoton farko: miƙaƙƙen layi guda.

Daga nan rigima ta taso. Kamfanin RCA ya taya fasahar dala 100,000 a 1931, Farnsworth ya ƙi sallamawa. Kamfanin ya yi iƙirarin cewa injiniyansa Vladimir Zworykin ne ya riga shi. Tolman ya ba da shaida, kuma a 1935 hukunci ya ba Farnsworth gaskiya. A 1939 RCA ya amince zai biya shi dala miliyan 1.

Sai dai bai ci moriyar wahalarsa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera talabijin a Amurka, kafin kasuwa ta buɗe sosai kuma wa'adin muhimman takardun mallakarsa ya zo ƙarshe. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, shi kuwa ya rasu ranar 11 ga Maris ɗin 1971 da bashi a kansa.

Kafin rasuwar tasa talabijin ta iso Najeriya: Ibadan a 1959, Kaduna a 1962.

Yau an daina yayin talabijin mai ƙeya, amma har gobe da layuka ake auna kyawun hoto. Allon HD na da layuka 720, Full HD 1080, shi kuwa 4K 2160. Idan allo ya yi faɗi alhali layukansa kaɗan ne, hoto kan baje, musamman ga na kusa da shi.

Don haka mai tasowa daga Rogo ko Ƙaraye zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano, kada inci ya ruɗe shi. Ya duba adadin layukan a jikin kwali da wutar da allon ke ci, ya kuma sa a kunna masa kafin ya ƙirga kuɗi.