John F. Kennedy: Matuƙin ƙaramin jirgin yaƙin da ya zama shugaban Amurka

A kan teburin Shugaba John Fitzgerald Kennedy a fadar White House akwai wani guntun ɓawon kwakwa da aka rufe da roba, yana danne takardu da shi. A jikinsa akwai rubutun da shugaban ya karta da wuƙa a watan Agustan 1943, lokacin yana ɗan shekara 26, shi da mutanensa 10 suna maƙale a tsibirin tekun Pasifik, sojojin Japan na kewaye da su.

An haifi Kennedy a ranar 29 ga Mayu, 1917 a garin Brookline na jihar Massachusetts. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya 9 na Joseph Kennedy, attajirin da ya zama jakadan Amurka a Birtaniya daga 1938 zuwa 1940, da matarsa Rose. Ya tashi cikin wadata, amma bai tashi da ƙoshin lafiya ba. Ciwon ciki da ciwon baya sun bi shi tun yana yaro har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka ya ƙware a iyo da tuƙin jirgin ruwa, har ya shiga ƙungiyar masu ninƙaya ta Jami'ar Harvard, inda ya kammala karatu a 1940.

Rundunar sojan ƙasa ta ƙi ɗaukarsa saboda rashin lafiya. Da taimakon sanayyar mahaifinsa ya samu shiga rundunar sojan ruwa a 1941, aka ba shi aikin ofis a sashen leƙen asiri. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamba, 1941, zaman ofis ya ishe shi. Ya nemi a kai shi fagen daga, ya samu horon tuƙin ƙananan jiragen yaƙi a Melville ta jihar Rhode Island, sannan a watan Afrilun 1943 ya karɓi jagorancin jirgi mai lamba PT-109 a tsibiran Solomon.

Waɗannan jirage da Amurkawa ke kira PT ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da manyan jiragen yaƙi. Tsawon PT-109 bai wuce mita 24 ba, kuma da katakon mahogani, dangin maɗaci, aka ƙera shi. Yana da inji 3 masu shan fetur irin na jiragen sama, yana ɗaukar galan 3,000 na wannan mai, ga kuma topido 4, wato dogayen bama-bamai masu tafiya da kansu a ƙarƙashin ruwa. Gudu da duhun dare ne kawai kariyarsa. Da rana matuƙa sukan ɓoye jiragen a bakin tsibirai, su yi ta fama da gyaran inji, da zafi, da zazzaɓin cizon sauro, da abincin gwangwani. Da dare su fita ba fitila. Topidon da aka ba su tsofaffi ne, sau da yawa sukan kauce ko su ƙi fashewa. Idan kuma jirgi ya yi gudu, kumfar da yake bari a bayansa takan yi ƙyalli a cikin duhu, jiragen saman Japan su biyo ta su yi masa ruwan bom.

A daren 1 ga Agusta, 1943, aka tura jiragen PT 15 daga sansanin Rendova zuwa mashigin ruwa na Blackett domin su tare manyan jiragen Japan 4 da ke kai sojoji da kaya tsibirin Kolombangara. An harba topido kusan 30, ko ɗaya bai samu abin da aka auna ba. Jiragen da ke da na'urar rada suka koma sansani bayan sun ƙarar da makamansu, aka bar PT-109 da wasu biyu suna sintiri cikin duhun da babu farin wata. Kennedy ya bar inji ɗaya kaɗai yana aiki domin kada kumfa ta tona musu asiri.

Bayan ƙarfe 2 na dare, jirgin Japan mai suna Amagiri ya ɓullo daga duhu a guje. Kafin Kennedy ya iya juya jirginsa, Amagiri ya bi ta kansa ya tsaga shi, man fetur ya kama da wuta a kan ruwa. Mutum 2 daga cikin 13 da ke jirgin, Andrew Kirksey da Harold Marney, sun mutu nan take. Mai kula da inji, Patrick McMahon, ya ƙone sosai a fuska da hannuwa. Sauran jiragen da suka hango wutar sun ɗauka babu wanda ya tsira.

Kennedy ya shiga ruwa yana jawo waɗanda suka warwatse, har mutum 11 suka taru a kan goshin jirgin da bai nutse ba. Da rana ta yi suka ga shi ma yana shirin nutsewa, sai suka yanke shawarar yin iyo zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Kasolo, mai nisan sama da kilomita 5. Waɗanda ba su ƙware a iyo ba suka riƙe wani gungumen katako suna turawa. McMahon kuwa ba ya iya motsa hannu. Kennedy ya ciji igiyar rigar da ke hana McMahon nutsewa, ya ja shi da haƙora na kimanin awa 4, ga bayansa da karon ya ƙara raunatawa.

Kasolo ba shi da ruwan sha. A daren nan Kennedy ya sake faɗawa teku shi kaɗai, riƙe da fitila, ya nufi mashigin Ferguson da fatan jiragen PT za su ratsa ta wurin. Babu wanda ya zo, igiyar ruwa ta yi ta yawo da shi, sai da gari ya waye ya dawo a galabaice. Ranar 4 ga Agusta suka koma tsibirin Olasana inda akwai kwakwa, nan ma shi ya ja McMahon.

Ceto ya zo ta hannun wasu samari biyu 'yan asalin tsibiran, Biuku Gasa da Eroni Kumana, masu yi wa wani jami'in Ostireliya, Reginald Evans, aikin leƙen asiri a kwale-kwale. Gasa ne ya nuna wa Kennedy cewa ana iya rubutu a jikin kwakwa. Kennedy ya karta gajeren saƙo cewa mutum 11 na raye, suna buƙatar ƙaramin jirgi, kuma mai ɗauke da saƙon ya san inda suke. Samarin suka tuƙa kwale-kwale tafiyar kimanin kilomita 60 ta cikin ruwan da Japanawa ke sintiri, suna sane da cewa kama su da wannan saƙo kisa ne. Da asubahin 8 ga Agusta jirgin PT-157 ya kwaso mutanen zuwa Rendova.

An ba Kennedy lambobin yabo biyu, na ceton rayuka da na raunin yaƙi. Wasu jami'ai sun soki yadda aka yi jirgi mai sauri irin wannan ya bari aka take shi, kuma masana tarihi ba su daina muhawara a kan wannan ba. Abin da ya yi bayan karon kuwa, mutanensa ne suka shaide shi. Ya nemi wani jirgin, aka ba shi PT-59, wanda a watan Nuwamba ya taimaka wajen kwaso sojojin Amurka da aka ritsa a tsibirin Choiseul. A farkon 1944 ya koma gida ba lafiya, aka yi masa tiyata a baya, aka sallame shi daga aiki a 1945.

Yayansa Joseph, wanda mahaifinsu ke shiryawa domin siyasa, ya rasu a watan Agustan 1944 lokacin da jirgin saman yaƙin da yake tuƙawa ya fashe a sararin Ingila. Nauyin ya dawo kan John. Labarin PT-109, wanda marubuci John Hersey ya buga a mujallar The New Yorker a 1944, ya zama babban jarinsa a yaƙin neman zaɓe. Ya shiga Majalisar Wakilai bayan zaɓen 1946, ya ci kujerar Majalisar Dattawa a 1952, sannan a 1960 ya kayar da Richard Nixon, ya zama shugaban Amurka na 35 yana ɗan shekara 43, kuma ɗan ɗariƙar Katolika na farko a wannan kujera.

A watan Yulin 1961 ya karɓi baƙuncin Firaministan Najeriya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Washington. A watan Oktoban 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a Kyuba, manyan hafsoshinsa sun matsa a kai hari. Kennedy ya zaɓi killace tsibirin da jiragen ruwa tare da tattaunawa, aka kauce wa yaƙin nukiliya. Da yawa daga marubuta tarihinsa na ganin abin da ya gani a Solomon, na yadda umarnin manya ke rikicewa a fagen daga, na cikin dalilan da suka sa bai cika sakankancewa da alkawuran janar-janar ba.

An harbe shi a birnin Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963, yana da shekara 46, aka binne shi a maƙabartar Arlington. A 2002 mai binciken teku Robert Ballard ya gano wani ɓangare na PT-109 a zurfin kusan mita 360. Gasa ya rasu a 2005, Kumana a 2014, duk a ƙasarsu. Ɓawon kwakwar kuwa yana ajiye a ɗakin tarihin Kennedy da ke birnin Boston.