Kamil du Gas, macen da ta yi tsere bisa teku

An haifi Kamil du Gas a birnin Pari na ƙasar Faransa a shekarar 1868. Mijinta babban ɗan kasuwa ne, amma ya rasu tun tana da ƙuruciya. A zamanin nan mota sabon abu ce, mata kuwa ba su cika tuƙi ba. Ita ta koya, har ta shiga tsere da maza.

A 1903 an yi tseren motoci daga Pari zuwa Madirid. Tana cikin goman farko, sai ta tarar da wani direba, motarshi ta kife, ya ji mummunan rauni. Ta tsaya ta taimake shi. Sauran motoci suka wuce ta, ta koma can baya, amma mutumin ya rayu.

A 1904 aka hana ma mata tseren mota a Faransa. Kamil ba ta zauna gida ba, sai ta koma ga jirgin ruwa mai inji.

A watan Mayu na 1905 wata jaridar Pari ta shirya tsere bisa tekun Bahar Rum, daga Alje, babban birnin Aljeriya, zuwa Tulon a Faransa. Jirage 7 suka tashi. Nata na ƙarfe ne, tsawonshi mita 13, sunanta aka sa mishi. A zangon farko, zuwa tsibirin Minorka, ita ta zo ta biyu.

A zango na biyu hadari ya taso. Iska ta yi ƙarfi, ruwa yana ta shiga cikin jirage, kusan duka suka nutse. Wani jirgin yaƙi na Faransa ya ceto Kamil da mutanenta, jirginta kuwa ya tafi ƙasan teku. Bayan wata biyu aka sanar ita ce ta ci tseren.

Daga baya ta yi tafiye-tafiye bisa doki cikin ƙasar Maroko. Ta shugabanci ƙungiyar kare dabbobi ta Faransa, tana kuma taimakon marayu da mata matalauta. Ta rasu a Pari a 1942. Akwai titi mai sunanta a birnin.

Tambayoyi
1. Don mi Kamil ta tsaya cikin tseren 1903?
2. Mi ya sa ta koma ga jirgin ruwa?
3. In kai ne ko ke ce, za a tsaya ko a wuce?