Yaron da Aka Musaya da Doki: Labarin Bishop Samuel Ajayi Crowther

A ƙasar Yarabawa, cikin mulkin Oyo, akwai wani gari ana ce da shi Osogun. Nan aka haifi Ajayi wajen shekara ta 1809. Wata safiya a farkon 1821, mata suna cikin dafa abincin karin kumallo, sai aka ji kururuwa, wai mahara sun kewaye gari. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, ko'ina yaƙi, mutum ya kan kama maƙwabcinsa ya sayar. Cikin maharan akwai Fulani, akwai kuma Yarabawa masu harshe ɗaya da shi. Kafin rana ta take gari ya ci wuta. Ubansa ya shigo gida ya ce su gudu, daga ran nan ba su ƙara ganinsa ba. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, ɗayar jaririya ce a goye, aka ɗaura musu igiya a wuya, aka kora su gaba kamar awaki.

Da aka raba ganima, wanda ya sami Ajayi ya musaya shi da doki. Bayan wata biyu ya ga dokin bai gamshe shi ba, ya mayar, ya karɓi yaronsa. Ajayi ya yi 'yan watanni kusa da uwarsa, kana aka raba su, aka kai shi kasuwa. Daga nan sai hannu zuwa hannu, yau a saye shi da kuɗi, gobe a ba da shi a karɓi taba da barasa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma Allah bai nufa ba. Daga ƙarshe aka kai shi Ikko, bakin teku, aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, suka sa shi cikin jirgi tare da bayi fiye da 180.

Ran 7 ga Afrilu 1822, jirgin bai ko yi nisa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi. Shugaban jirgin da ya ɗauki Ajayi sunansa Henry Leeke. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Suka ga naman alade a rataye, ga kuma harsasan igwa masu kama da ƙwarya a jere, suka ce lalle naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka duba da kyau suka ga kofato, hankalinsu ya kwanta. Haka mutum ya ke: sau da yawa alheri ya kan iso ƙofarsa, shi kuwa yana rawar jiki yana tsammani hallaka ce.

A watan Yuni aka sauke su a Saliyo, inda a kan zaunar da bayin da aka 'yanta. Aka sa Ajayi a makarantar mishan ta C.M.S. a wani ƙauye, Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ya koyi aikin kafinta wurin wani malami, John Weeks, matar malamin kuwa tana cikin waɗanda suka koya masa karatu. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Da aka buɗe babbar makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari a littafin almajirai. Ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta na baftisma Susan. Suka yi kimanin shekara 50 tare.

A 1837 ya rubuta labarin kamunsa a wata wasiƙa. Bai ɓoye kome ba, da wutar, da igiyar, da kukan uwarsa. Amma ranar nan da aka kama shi, ya lasafta ta ranar baƙin ciki, ya kuma lasafta ta ranar albarka, gama ta hanyarta ce ya san Yesu Kristi. 'Yan'uwa, a lura. Bai ce maharan sun yi daidai ba. Mugunta suka yi, ya kuwa yi gāba da cinikin bayi muddin ransa. Sai dai ya ga hannun Allah ya fi hannunsu tsawo, kamar yadda Yusufu ya gani a Masar sa'ad da 'yan'uwansa da suka sayar da shi suka zo awon hatsi. Wanda ya ga haka ba ya rasa abin godiya, ba ya kuwa kwana yana lissafin ramuwa.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau kogin Kwara. Mishan ta sa Crowther da wani Bajamushe, J. F. Schön, su bi su. Tafiyar ta ɓaci, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Duk da haka ta bar mana gādo, domin Schön ya ɗauki koyon Hausa ya riƙe har mutuwarsa. Daga baya, da taimakon Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram wanda shi ma bauta ta raba shi da gida, ya juya waɗansu littattafan Bishara zuwa Hausa. Crowther kuwa, da manyan mishan suka karanta labarin tafiyar da ya rubuta, suka kira shi Landan, aka naɗa shi fasto a 1843.

Aka aike shi ƙasarsu. Ya iso Abekuta a watan Agusta 1846, bai yi mako uku cikakku ba sai aka kawo masa wata tsohuwa. Ashe uwarsa ce, Afala, bayan shekara 25. Suka riƙe juna, suna duban juna, hawaye na zuba, magana ta gagara. Ta kira shi da sunayen da kakarsa ta kan kira shi yana ƙarami. Ba da daɗewa ba yaƙi ya ci garin da ƙannensa mata su ke, aka sake kama su, ya fanshe su da 'ya'yansu. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, domin ita ce uwar Sama'ila.

Shekarun da suka biyo na aiki ne. Ya ga Sarauniya Biktoriya a 1851, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. Ya sake hawan Kwara da Binuwai a 1854 tare da Likita Baikie, suna shan kwinin, ko mutum ɗaya bai mutu ba. A 1857 aka kafa aikin bishara a Anacha, daga baya a Lakwaja da bakin teku, ma'aikatan kuwa baƙaƙen fata ne, yawancinsu daga Saliyo. Yana kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya kan zauna wurin tsofaffi yana sauraron zancensu, yana rubuta kalmomi da karin magana a takarda. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, da takardun da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya soma daga fari. Sara da sassaƙa ba su hana gamji toho: a 1884 Littafin ya kammala da Yarabanci, da hannunsa da na abokan aikinsa.

Ran 29 ga Yuni 1864, a babbar majami'ar Kantabari, aka naɗa shi bishop, baƙar fata na fari a ekklisiyar Ingila. Shi kansa bai so ba, sai da Henry Venn, magatakardan mishan, ya matsa masa. Cikin taron akwai wani dattijo da kayan sarautar sojan ruwa, shi ne Leeke ɗin nan, wanda ya ɗauke shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Akwai kuma wata gwauruwa tsohuwa, matar marigayi Weeks. Tun kafin ran nan Crowther da Leeke sun yi zumunci. Da yawa in sun hau sama su kan manta wanda ya riƙe musu tsani, har su ji kunyar a tuna musu inda suka fito. Shi kuwa ko gaban sarakuna bai ɓoye cewa an taɓa musaya shi da doki ba.

Wani abu kuma da ya shafe mu ƙwarai, mu da mu ke zaune tsakanin dangi da maƙwabta Musulmi. Maharan da suka ƙone garinsu Musulmi ne, amma bai ɗora laifinsu a kan kowane Musulmi ba. Yana saurayi a Saliyo ya gwada gardama, ya ga ba ta jawo kowa, ya bari. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Nufe a Bida, ya kan ba sarakuna da malamai Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta. A fadar Ilori a 1872 aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Almasihu, ya buɗe Littafi ya amsa daga ciki, bai zagi kowa ba, bai kuwa rage gaskiyar da ya ba da gaskiya gare ta ba. Saboda haka aka amince da shi. Sa'ad da barasar Turawa ta soma lalata ƙasar Nufe, Sarki Maliki ya aika da wasiƙa da Hausa domin a kai wa Crowther, yana roƙonsa kamar uba ya sa baki a hana shigo da ita.

Ba kowane sarki ya riƙe amana ba. A 1867 wani basarake na bakin Kwara, Abokko, wanda dā abokinsa ne, ya kama shi da ɗansa Dandeson, ya ƙwace kayansu, ya ce sai an biya fansa mai yawa. Wani Bature, Fell, ya zo daga Lakwaja ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu cikin kwalekwale. Bishop bai bar kogin ba saboda wannan.

Gwaji mafi zafi ya jira shi har tsufa, bai kuwa fito daga mahara ko sarakuna ba. Daga cikin gida ya fito. Venn ya rasu a 1873, Susan a 1880. Turawa 'yan ciniki suka yi yawa a Kwara, zazzaɓi ya daina korarsu kamar dā, aka soma cewa baƙar fata bai isa ya shugabanci aiki ba. Gaskiya ita ce, cikin ma'aikatansa akwai waɗanda suka yi abin kunya, waɗansu ma mugun laifi. Shi kuwa mutum ne mai jinkirin hukunci, ba ya korar mutum sai da shaida, wanda ya tuba kuma ya kan ba shi wata dama. A ganina ya yi sanyin hannu a waɗansu wurare. Tashoshin suna nesa da juna, shi kuma ya tsufa. Amma wanda aka yafe wa da yawa, da wuya ya yi saurin yanke wa wani ƙauna.

Sai waɗansu samari masu wa'azi suka zo daga Ingila, su Brooke da Robinson da Eden. Masu himma ne, ba a hana su wannan. Brooke da Robinson sun zauna a Lakwaja suna sa riga da rawani, burinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Amma himma ba tare da ladabi ba ta kan yi ɓarna. A taron da aka yi a Anacha a watan Agusta 1890 suka tuhumi fastocinsa, suka dakatar da waɗansu a gabansa ba da izninsa ba, har da ɗansa Dandeson. Suka yi wa dattijo mai shekara 80 magana irin wadda ba a yi wa tsara, alhali ya soma aikin Kwara tun ba a haife su ba.

To, me ya yi? Bai ce abin da suka yi daidai ne ba. Ya sauka daga shugabancin taron, ya rubuta wa mishan amsar tuhumar dalla dalla, ya kuma yarda ekklisiyoyin bakin teku su tsaya da ƙafafunsu, su riƙe fastocinsu da kuɗinsu. Gafara ba ta hana mutum faɗin gaskiya. Amma bai rama zagi ba. A Ikko mutane sun fusata, waɗansu suka fita suka kafa tasu ekklisiya a 1891. Da ya ɗaga yatsa, da dubbai sun bi shi. Bai fita ba, bai kuwa manta cewa mishan ɗin nan ce ta karɓe shi yana yaro tsirara ta koya masa karatu ba. Laifin 'ya'yan yau bai shafe masa alherin iyayensu ba. Kowa a cikinmu ya san wuyar wannan. Yafe wa baƙo da sauƙi. Wanda ku ke cin Jibin Ubangiji tare, ku ke raira waƙa daga littafi ɗaya, shi ne yafe masa ya ke ci kamar wuta.

Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892, ba su kai ƙasar Hausa ba. Bishop kansa ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Aka ba Bature kujerarsa, aka kuwa yi kusan shekara 60 kafin a sake danƙa wa baƙar fata riƙon ƙasar bishop a ekklisiyar nan ta Nijeriya. Dandeson ya ci gaba da aikin bakin teku har ya tsufa ƙwarai. A 1976 aka ɗauke ƙasusuwan Bishop daga maƙabartar Ajele aka mai da su harabar babbar majami'ar Ikko.

A watan Yuni 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, aka yi sujada ta godiya da tuba a majami'ar nan ta Kantabari. Babban bishop na lokacin, Justin Welby, ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa ekklisiya ta zalunci bawan Allah nan, ya nemi gafara. Cikin masu sauraro akwai zuriyar Ajayi.