Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Aka 'Yanta Sau Biyu

An haifi Ajayi a Osogun, ƙasar Yarbawa, wajen 1809. A 1821 mahara suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun fataken Fotugal. A 1822 sojan ruwa na Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke shi a Saliyo, ɗa.

Sarƙa ta rabu da wuyansa, amma da sauran wani ubangida wanda sojan ruwa ba su iya kora. Cikin Yohanna 8 Yesu ya koyar, zunubi yakan mallaki mai aikata shi, sai Ɗan Allah ke iya kwance shi. Ajayi ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a 1825, aka kira shi Samuel Crowther.

Bayan wannan ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, ya kai bishara bakin Kwara har Lokoja. Aka naɗa shi bishop a 1864, ya rasu a Ikko a 1891.

An daɗe da daina cinikin bayi a Keffi, amma bautar zunubi tana nan. Karanta Romawa 6, ka tambayi zuciyarka: wa kake bauta wa?