Marubucin Da Ya Yi Tsere Da Wa'adi

Da ina zaton masu rubuta littattafai mutane ne masu hutu, su zauna a inuwa, labari ya riƙa zubo musu kamar ruwan indararo. Ranar da na ci karo da tarihin Fiyodo Dostoyebski a laburaren makarantarmu, ran nan na sake tunani.

Shi dai mutumin Rasha ne, an haife shi a birnin Mosko a 1821. Yana da ciwon farfaɗiya, ga kuma mugun son caca. A 1864 matarsa ta rasu, wansa Mika'ilu ya bi ta, ya bar masa iyali da tulin bashin wata mujalla da suke bugawa tare. Da masu bin bashi suka matsa masa, sai a 1865 ya ƙulla yarjejeniya da wani mai buga littattafai, Sitelobski, ya karɓi rubul 3,000. Sharaɗin shi ne ya kawo sabon littafi kafin 1 ga Nuwamba, 1866. In ya saɓa, to, duk abin da ya rubuta har shekara tara Sitelobski zai buga, ba ko anini. Kuɗin kuwa ba su daɗe ba: wasu suka tafi ga masu bashi, saura ya kai su gidan caca a Jamus.

Maimakon ya fara wannan aiki, sai ya duƙufa a kan wani babban littafi wanda ma'anar sunansa Laifi da Hukunci. Ya yi nisa ƙwarai, ya duba ya ga bai gamsu ba, ya cinna wa takardun wuta, ya sake daga farko. Da mai laifin ne ke ba da labari da bakinsa, sai ya mai da shi wani ne ke ba da labarinsa. Ni da malam ke ce mini in sake kwafe shafi biyu in yini ina ƙunƙuni, wannan ya ba ni kunya. Kashi-kashi ake buga littafin a wata mujalla cikin 1866, saboda haka kullum akwai kashin da ake jira. Da dare yake aiki, in gari ya yi tsit, da shayi mai kauri a gefensa.

Kwanci-tashi, Oktoba ta kama, bai rubuta ko layi ɗaya na littafin Sitelobski ba. Abokansa suka ce su raba babi-babi su rubuta masa, shi ya gyara. Ya ƙi, don ba ya sa sunansa a kan aikin wani. Masu kwafar aikin gida a ɗakin kwananmu, kun dai ji.

Sai aka samo masa wata yarinya 'yar shekara 20, Anna Sinitkina, wadda ta koyi rubutun sauri na alamomi, irin na sakatarori. Ta fara zuwa ran 4 ga Oktoba. Takan iso da tsakar rana, yana kai da kawowa a ɗaki yana faɗa, tana rubutawa, har wajen la'asar. In ta koma gida ta kwana tana mai da alamomin rubutu sosai, gobe ta kawo ya gyara, su ɗora. Cikin kwana 26 suka gama. Sunan littafin Ɗan Caca, abin da ya fi kowa sani ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Da ya kai littafin, sai aka ce Sitelobski ya yi tafiya, ma'aikacinsa kuma ya ƙi karɓa. Ni dai a ganina da gangan ne, so yake wa'adi ya wuce. Dostoyebski ya wuce ofishin 'yan sanda ya ajiye littafin, aka ba shi rasit kafin lokaci ya cika.

A Fabrairun 1867 ya auri Anna, yana da shekara 45. Ita ta ci gaba da rubuta masa, ta riƙe lissafin gida, daga baya ma ta shiga buga littattafansa da kanta, har bashin ya ƙare. Ya rasu a 1881, watanni kaɗan bayan ya kammala littafinsa na ƙarshe.