Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Ɗan Bebejin da Fataucinsa Ya Tsallaka Iyaka

Duk lokacin da aka tayar da zancen 'yan kasuwar ƙasar nan da harkarsu ta kai ƙasashen waje, mu mutanen Bebeji muna da abin faɗa, domin a garinmu aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne mai fataucin goro zuwa Gwanja. Ya rasu Alhassan yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Da ya tasa, sai ya bi sawun iyayensa. A wancan zamani ayarin jakuna kan shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja, goro kuwa ba ya jure jira. Alhassan yana cikin fatake na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, hanya ta ƙara gajarcewa, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san manomi ba. Shi kuwa yana da 'yan'uwa da yaran gida a kasuwannin ƙauye, yana ba su jari bisa amana, su sayo masa gyaɗa. Wannan ne ya sa kamfanin Neja ya ɗauke shi wakili a 1918. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20, ajiya a bankin Turawa na Kano.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Tattaɓa kunnensa ta wajen uwa, Alhaji Aliko Ɗangote, ya kafa masana'antun siminti a Habasha da Zambiya da Sanagal da Tanzaniya.

Mu da muke neman abinci a birane, ya kamata mu lura cewa jarinsa na farko shi ne mutanen gida da ya riƙe amanarsu, suka riƙe tasa. Yaran Bebeji da yawa suna jiran wanda zai ɗauke su haka.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.